Canva for Education a Hannun Ɗalibai Masu Tsara wa Makaranta Shafin Sada Zumunta: Inda Ta Yi Rana da Inda Ta Gaza

Akwai wani aiki da malaman zane da na fasahar sadarwa suke yawan ba ɗaliban sakandare. A kasa su rukuni-rukuni, a ce kowane rukuni ya tsara yadda makarantarsu za ta ci moriyar kafafen sada zumunta. Wannan rukuni ya ɗauki sanarwa ga iyaye, wancan ya ɗauki wasanni, wani kuma ɗakin karatu ko ƙungiyar kimiyya, a ƙarshen zango kowa ya fito ya gabatar da abin da ya haɗa. Manhajar da ake yawan fara kai wa hannu a irin wannan aiki ita ce Canva for Education, wato reshen Canva, manhajar tsara zane ta intanet, da aka ware wa makarantu kyauta.

Ga hukuncinmu tun daga farko. Wajen haɗa hoto da rubutu da gajeren bidiyo, da wuya a samu manhajar da ta fi ta sauƙin kamawa ga ɗan sakandare. Sai dai aikin da aka ba ɗaliban ya fi haɗa hoto faɗi, kuma sauƙin nan nata shi ne yake rufe wa malami ido. Rukunin da bai tambayi ko mutum ɗaya abin da yake bukata daga shafin makaranta ba zai iya kawo zane mai ɗaukar ido cikin rabin awa, malami ya ga kyau ya ba da maki, alhali ba a taɓa ainihin aikin ba.

Ba mamaki manhajar ta san halin makaranta, don daga can ta taso. Melanie Perkins da Cliff Obrecht sun fara ne a 2007 a birnin Perth na Ostireliya da kamfanin Fusion Books, wanda yake taimaka wa makarantu su tsara littafin hotunan ƙarshen shekara. A 2013 ne suka fito da Canva tare da Cameron Adams.

Shiga da shigar da ɗalibai

Malami ne yake neman asusun, da imel ɗin makaranta ko takardar da take tabbatar da cewa yana koyarwa a firamare ko sakandare. Ɗalibi ba ya iya buɗe wa kansa, sai malami ya gayyace shi. Jami'o'i ba sa cikin wannan rabon. Nasu tsarin daban ne, sunansa Canva for Campus, kuma jami'a ce take biya. Da zarar an amince da malami, zai buɗe aji ya gayyaci ɗalibai ta imel, ko ta mahaɗin gayyata, ko ta Google Classroom da Microsoft Teams. Ajin yana samun mafi yawan kayan da sai mai biyan kuɗi yake samu a Canva Pro: hotuna da zane-zane masu alamar kambi, na'urar cire bayan hoto, sauya girman zane, da ajiye launuka da tambari.

Matsaloli biyu ne suke bayyana a makon farko. Mahaɗin gayyata ba ya tantance fuska, duk wanda aka tura wa zai iya shiga, don haka bayan kowa ya shiga malami ya bi jerin sunaye ɗaya bayan ɗaya ya cire baƙo. Ta biyun ta fi cin lokaci. Ɗalibin da dama yana da asusun Canva na kansa yakan fara aiki a can ba tare da ya lura ba. Malami ya duba aji bai ga aikinsa ba, shi kuma ya zo saukewa manhajar ta nemi kuɗi ko ta bar tambarinta a kan hoton. Dalili shi ne Canva tana ajiye kowane zane a ƙarƙashin asusun ko ajin da aka fara shi a ciki. Maganin kawai a sa kowane ɗalibi ya duba sunan ajin a kusurwar asusunsa kafin ya fara komai.

Kafin a saki ɗalibai, malami ya ɓata awa guda a sashen da ake kira Brand Kit. A nan ake ɗora tambarin makaranta, wanda ya kamata ya zama fayil ɗin PNG marar bango ko SVG, ba hoton da aka ɗauka da waya daga jikin riga ba. A saka launuka uku ko huɗu da lambobinsu masu alamomi shida, kada a bar kowa ya zaɓi shuɗi da ido, don shuɗin rukuni biyar ba zai taɓa zama ɗaya ba. Nau'in haruffa biyu sun isa, ɗaya na kanun magana ɗaya na bayani. Daga nan malami ya haɗa samfuri guda, ya kulle tambari da layin ƙasa yadda ba za su motsa ba, ya raba shi ta hanyar da kowane rukuni zai samu kwafinsa. Idan aka yi kuskure aka ba aji duka izinin gyara zane ɗaya, mutum talatin ne za su hau shafi guda, wannan yana goge abin da wancan ya saka. Tarihin gyare-gyare yana nan, ana iya komawa baya, amma darasin ranar ya riga ya tafi.

Awo, inda yawancin zane yake lalacewa

Nan ne Canva ta fi taimakawa, nan ne kuma ɗalibai suka fi yi mata amanar da ta wuce kima. Girman da ake bukata sananne ne. Hoton Instagram mai tsayi fiksel 1080 ne a faɗi da 1350 a tsaye, murabba'i kuma 1080 ta kowane gefe. Stories da Reels da TikTok suna cin 1080 da 1920. Hoton da yake fitowa idan an saka mahaɗi a Facebook 1200 ne da 630, hoton fuskar bidiyon YouTube kuma 1280 da 720. Manhajar tana da waɗannan a jere, ɗalibi ya latsa kawai.

Abin da ba ta tilasta masa ba shi ne barin gefe. A zane mai tsayin 1920, sunan asusu da alamomin manhaja suna zama a sama, wurin rubuta amsa da maɓallai suna zama a ƙasa. Duk rubutun da ya shiga kimanin fiksel 250 na sama, ko fiye da haka kaɗan a ƙasa, za a hau kansa. A Reels da TikTok ma gefen dama yana cike da maɓallai. Sau da yawa abin da ake rufewa shi ne kwanan wata da lokacin taro, saboda ɗalibai suna son ajiye su can ƙasa. A kunna ma'auni da layukan jagora daga saitin fayil, a ja layi biyu, a gaya wa ɗalibai kada rubutu ya tsallake su. Haka kuma tun farkon 2025 Instagram ya daina jera hotunan shafi a murabba'i, ya koma siffa mai tsayi, don haka zanen murabba'in da aka cika da rubutu har baki yana iya rasa gefensa a jerin. Muhimmin bayani ya zauna a tsakiya.

Na'urar sauya girma tana ɗaukar zane ɗaya ta mayar da shi girma iri-iri da latsawa guda. Tana rage wahala, amma jera kaya take yi ba tunani ba. Daga murabba'i zuwa mai tsayi takan bar fili a sama da ƙasa, daga mai tsayi zuwa mai faɗi takan matse rubutu ya zama ƙanana. Kowane kwafi sai an bi shi da hannu.

Sai girman rubutu. Ɗalibi yana aiki a kan kwamfuta, zanen ya cika masa ido, ya manta cewa a waya za a gan shi, inda zai tsuke sosai. A zane mai faɗin 1080, rubutun da ya gaza lamba 28 ko 30 a ma'aunin Canva wahalar karantawa yake yi, musamman ga iyayen da idonsu ya fara rauni, kuma su ne ake yi wa sanarwar. Ƙa'idar da masu tsara shafukan intanet suke bi, wadda ake kira WCAG, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1 ga ƙananan haruffa, 3 bisa 1 ga manya. Farin rubutu a kan rawaya ba ya kai wa ko kusa, amma ɗalibai suna ƙaunarsa, musamman idan rawayan launin makaranta ne. Canva tana da abin duba wannan a cikin menun fayil, yana nuna inda launi ya yi rauni da inda hoto ba shi da bayani. Yana aiki, sai dai ba ya tashi da kansa, sai an je an kira shi.

Wani abu da ake yawan ruɗewa a kai shi ne bayanin hoto na makafi, wanda manhajar karanta allo take furtawa. Ana iya rubuta shi a cikin Canva, amma idan aka sauke zanen a matsayin PNG ko JPG ba ya bin hoton zuwa Facebook ko Instagram. Dole a sake rubuta shi a lokacin wallafawa. Saboda haka kowane rukuni ya miƙa abu uku tare: hoton, rubutun da zai raka shi, da bayanin makafi. Kuma duk abin da aka rubuta a jikin hoto, musamman rana da lokaci da wuri, a maimaita shi a rubutun ƙasa.

Makarantar da take wallafa sanarwa da harshen da yake da haruffa na musamman, irin su ɓ da ɗ da ƙ, ta gwada nau'in haruffan kafin ta zaɓa. Da yawa daga cikin masu ado ba su da su, sai manhajar ta aro harafin daga wani nau'i, kalma ta fito da harafi ɗaya bare a tsakiyarta. Noto Sans yana ɗauke da su duka.

Fuskokin yara da maɓallin wallafawa

Wannan sashe ya fi kowanne nauyi, kuma manhajar ba ta ɗauke wa makaranta ko kaɗan daga cikinsa ba. Facebook da Instagram da TikTok duka sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe asusu, abin da ya samo asali daga dokar Amurka ta 1998 mai kare bayanan yara a intanet. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta sa 16 wajen amincewar yaro da kansa, ta bar wa kowace ƙasa damar saukowa zuwa 13. Ostireliya kuma ta hana 'yan ƙasa da 16 riƙe asusu a manyan kafafen tun daga 10 ga Disamba 2025. Ke nan a aji ɗaya ana iya samun waɗanda doka ba ta yarda su taɓa dandalin da suke tsara wa zane ba. Wannan bai hana aikin ba, amma ya yanke hukunci a kan abu ɗaya: kalmar sirrin shafin makaranta ba ta shiga hannun ɗalibi.

Tsarin da ya fi aminci shi ne ɗalibi ya gama, ya tura wa malami ta hanyar miƙa aiki da take cikin Canva, malami ya yi tsokaci a kan daidai wurin da yake bukatar gyara ko ya amince. Wannan ɓangaren an gina shi da kyau, ya fi karɓar fayiloli ta imel nesa ba kusa ba. Bayan amincewa, ma'aikacin makaranta ne zai sauke ya wallafa, kuma Meta Business Suite, wanda shi ma kyauta ne, ya isa wajen tsara ranar da lokacin da kowane abu zai fita a Facebook da Instagram.

Hoton yaro ba ya shiga zane sai da izinin iyaye a rubuce, kuma takardar ta ambaci kafafen sada zumunta ƙarara, don izinin littafin ƙarshen shekara daban ne. Malami ya riƙe jerin waɗanda ba a ba da izininsu ba, a riƙa gwada kowane hoto da shi, har da waɗanda suka faɗo a baya ba da niyya ba. Ba fuska kaɗai take tona asiri ba. Suna a jikin riga, jadawalin aji a bango, takardar sakamako a kan tebur, lambar motar da take ɗaukar yara, duk suna fitowa idan aka zuƙo hoton. Na'urar cire bayan hoto tana share bango tas, amma yaron da ke gaba yana nan, fuskarsa ma ta ƙara fitowa. Kada a haɗa cikakken suna da fuska, kuma hoton tafiyar ɗalibai a wallafa shi bayan sun dawo. Rukunin da ya ga waɗannan sharuɗɗa sun yi masa yawa yakan gano cewa hannuwa a kan aiki, ko hoto daga baya, ko allon da aka cika da lissafi, suna ba da labari ba tare da fuskar kowa ba.

A cikin Canva kanta akwai ƙofa guda da ake mantawa a buɗe, wato zaɓin da yake ba duk mai mahaɗi damar ganin zane. Ɗalibi ya kunna shi don ya nuna wa aboki, zanen mai hotunan yara ya fita daga aji ke nan. A mayar da shi ga 'yan aji kaɗai. A kuma tuna cewa a Mayun 2019 an yi wa kamfanin kutse da ya shafi asusu kimanin miliyan 139, wanda ya isa dalilin kada a ajiye jerin sunaye ko lambobin iyaye a ciki.

Kyauta kuma tana da sharaɗi. Lasisin makarantu ya taƙaita amfani da kayan masu kambi ga harkar ilimi wadda ba ta kasuwanci ba. Sanarwar gasar muhawara tana ciki. Tallar ɗaukar sababbin ɗalibai a makarantar kuɗi, ko zanen rigar da za a sayar, wata magana ce, gara hukumar makaranta ta karanta sharuɗɗan kafin ta ɗauki aikin aji ta yi talla da shi. Sauti ma haka: bidiyon da aka saka wa kiɗa daga rumbun Canva yana iya gamuwa da ƙorafin haƙƙin mallaka a YouTube ko Facebook idan ba a haɗa asusun da za a wallafa a ciki ba kafin saukewa. Wanda ɗalibi ya kwaso daga wayarsa kuwa, a sa ran a kashe sautin bidiyon gaba ɗaya.

Abin da ba za ta yi ba

Tambayoyin da suke zuciyar aikin ba su da maɓalli a Canva. Wa ake yi wa magana, iyaye ko ɗalibai ko tsofaffin ɗalibai? A wace kafa suke? Wace sanarwa ce ta dace da shafin da kowa yake gani, wacce ce ta fi dacewa da saƙon kai tsaye? Wa zai amsa tsokaci, cikin awa nawa, me za a yi idan wani ya zagi malami ko ya ambaci sunan yaro? Wa zai riƙe shafin lokacin hutu? Manhajar tana buɗewa ne da dubban samfura, ɗalibi ya ga wanda ya burge shi ya fara cusa bayani a ciki, sai zane ya riga tunani. Shi ya sa ake ganin rukuni shida sun kawo abu kusan iri ɗaya, kowa da kyalkyali, babu wanda zai iya faɗin dalilin zaɓinsa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Shawarar da ta fi aiki ita ce a hana buɗe Canva a makonni biyun farko na aikin mako shida. A lokacin kowane rukuni ya tattauna da mutum biyar zuwa takwas daga cikin waɗanda yake so ya isa gare su, ya duba shafukan wasu makarantu uku, ya rubuta shafi ɗaya mai ɗauke da masu sauraro da manufa da kafar da ya zaɓa da dalilinsa. Mako na uku zanen fensir a takarda da jadawalin wallafawa na wata guda, wanda sau biyu ko uku a mako ya ishe shi, don jadawalin kullum a takarda yake ƙarewa. Na huɗu da na biyar su ne na Canva. A na shida a gwada: a nuna wa mutum zanen a waya na daƙiƙa biyar, a kife wayar, a tambaye shi me za a yi, yaushe, a ina. Idan uku cikin biyar suka kasa, zanen ya koma gyara komai kyansa. Rabon maki ya bi wannan tsari, kyan zane kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku.

Wasu rukunin sukan wuce sanarwa, su ce za su ƙirƙiro manhajar zumunta ta makaranta kaɗai. A nan Canva takan kai iyakarta. Ana iya zana fuskokin waya a haɗa shafi da shafi da mahaɗi, ya isa gabatarwa ta fuska biyar ko shida. Da an wuce haka, sauya maɓalli ɗaya yana nufin bin kowane shafi da hannu. Figma ce aka gina don wannan, inda ake ƙera maɓalli sau ɗaya ya sauya ko'ina, kodayake koyonta ya fi ɗaukar lokaci. Adobe Express, wadda ita ma kyauta ce ga firamare da sakandare, kishiya ce ta kusa, amma wannan giɓin ita ma ba ta cike shi ba.

Kayan ƙirƙirarriyar basira da aka zuba a manhajar, masu rubuta jimla da masu ƙera hoto, masu kula da asusun makaranta suna iya kunna su ko kashe su. A wannan aikin gara a kashe mai ƙera hoto. Shafin makaranta shaida ne na abin da ya faru, hoton ɗaliban da ba su taɓa wanzuwa ba kuwa yana zubar da amincin shafin ranar da wani uba ya gane.

Manhajar ta dogara da intanet, kuma bidiyo yana sa tsohuwar kwamfuta ta riƙa sanɗa. Manhajar waya ta isa gyaran rubutu da duba yadda zane zai fito, amma daidaita abubuwa da yatsa aiki ne mai gajiyarwa. Wajen saukewa, PNG ga zane mai rubutu, JPG ga hoto zalla, MP4 ga bidiyo, kuma a ɗora fayil ɗin asali, ba hoton allo ba, ba kuma wanda ya bi ta manhajar hira ta matse shi ba.

Idan zango ya ƙare akwai shara da ake mantawa. Zanen ɗalibi yana ƙarƙashin sunansa, don haka kafin a cire shi daga aji a kwafe ayyukan ƙarshe zuwa babban fayil na malami. Cire hoto daga zane ba ya goge shi daga ma'ajiyar abubuwan da ɗalibin ya ɗora, sai an shiga can an goge shi daban, sannan a zubar da kwandon shara, inda zanen da aka goge yake zama har kwana 30. Idan iyaye suka janye izini daga baya, wurare uku za a bi: shafin da aka wallafa, zanen da ke Canva, da ma'ajiyar kowane ɗan rukunin da ya taɓa hoton.